Nazarin Lamari: Yadda Manhajar Bashin Taki Ta Durƙushe a Sakkwato, da Yadda Aka Tashe Ta

Asalin lamarin

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta gama kai ce ta manoma. Hedikwatarta tana cikin birnin Sakkwato, tana kuma da rassa huɗu: biyu a gabas ta wajen Wurno da Goronyo, ɗaya a hanyar Illela, ɗaya a kudu ta wajen Tambuwal. Aikinta ba membobi taki da iri da maganin feshi bashi, su biya bayan girbi. Zagaye biyu take yi a shekara. Na damina ana rabon kaya daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, a fara karɓar biya a Oktoba. Na rani, wanda albasa da shinkafa suka fi yawa a cikinsa, ana rabo daga Nuwamba, a karɓi biya daga Maris zuwa Mayu. Sunayen da ke cikin littattafanta sun kusa dubu uku.

Har zuwa 2022 komai a takarda yake. Kowane reshe yana da akawu mai riƙe da babban littafin bashi, da mai sito mai riƙe da katin shiga da fitar kaya. A ƙarshen wata akawu ya ɗauko littafi ya hau mota zuwa Sakkwato, ma'aji ya kwafe shi cikin Excel. Rufe lissafin wata ɗaya yakan ci mako uku. Abu biyu ne suka dami kwamitin gudanarwa: manomi kan karɓi taki a wani reshe alhali ana bin sa a wani, kuma giɓin kaya a sito ba a gano shi sai an yi nisa.

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, kuma rufewar ta taɓa yankin da ƙungiyar ke aiki a gabas. A lokacin littafin takarda ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba.

Oktoba zuwa Disamba 2022: kwangila

Don magance waɗannan matsaloli, kwamiti ya ba wani ƙaramin kamfani na Kaduna aikin gina manhajar da za ta maye gurbin littattafan bashi. Yarjejeniyar shafi uku ce: farashi tsayayye a naira, wa'adi wata shida, kashi 60 cikin 100 a biya tun farko, sauran 40 ranar miƙa aiki. Manhajar ta shafin intanet ce. Akawu zai buɗe burauza a kwamfutar tafi-da-gidanka, ya shiga da kalmar sirri, duk abin da ya rubuta ya wuce kai tsaye zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, da aka yi haya a ƙasar waje, wadda ake biya da dala duk wata. Manomi zai samu rasit daga ƙaramar na'urar bugawa, sannan saƙon tes ya biyo baya.

Yarjejeniyar ba ta faɗi wanda ya mallaki ainihin rubutun manhajar ba. Ba ta faɗi da sunan wa za a buɗe asusun sabar da adireshin shafin ba, ko wa zai tsaftace tsofaffin bayanai, ko yadda za a yi farashin canji idan an nema, ko abin da za a gwada kafin a ce an miƙa aiki. An tattara buƙatu a zama biyu a hedikwata, da shugaba da sakatare da ma'aji. Babu akawu ko ɗaya a zaman, kuma masu rubuta manhajar ba su je wani reshe ranar rabon kaya ba.

A ƙarshen 2022 bankuna da dama sun rage ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Don kada aiki ya tsaya, babban mai rubuta manhajar ya buɗe asusun sabar da imel ɗinsa, ya riƙa biya da katinsa na dala, ƙungiya tana mayar masa da naira.

Janairu zuwa Afrilu 2023: ƙarancin takardun kuɗi da buƙatun da suka hauhawa

Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoba 2022, ya sa ranar 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin takardu, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗi a hannu ya yi wuya. Manoman da suka saba kawo tsaba suka koma biya ta tiransifa, mafi yawa daga asusun mai POS ko dillalin da ya sayi albasarsu. Sunan da ke fitowa a alat ba shi ne sunan wanda ake bi ba.

Manhajar da ake ginawa biya iri ɗaya ta sani: mutum ɗaya, tsabar kuɗi, lokaci ɗaya. Sai aka shiga ƙari. Biya kaɗan-kaɗan. Biyan da wani ya yi wa wani. Biyan rukuni, inda shugaban manoman ƙauye yake haɗo na mutum goma sha ya turo dunƙule. Biya da amfanin gona, wato a kawo buhun shinkafa maimakon kuɗi, abin da akawu suka daɗe suna karɓa suna rubutawa a gefen shafi amma ba a ambata a zaman hedikwata ba. Buƙatun sun riƙa zuwa ta WhatsApp da kiran waya daga mutum uku daban-daban. Sun haura talatin, ba a yi wa ko ɗaya farashi ba, ba a kuma ɗage wa'adi a rubuce ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, da na gwamnoni na 18 ga Maris, da azumin da ya kama daga 23 ga Maris zuwa sallah a 21 ga Afrilu, duk sun rage kwanakin aiki. Miƙa aiki ya zame daga Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Gwajin da aka yi a ofishin kamfanin aka yi shi, da intanet mai ƙarfi da sunayen ƙarya guda hamsin. Tsofaffin bayanai kuwa, an ɗora fayil ɗin Excel yadda yake, cikin dare ɗaya.

Ƙarshen Mayu zuwa Yuli 2023: ƙaddamarwa

An fara amfani da manhajar a rassa huɗu rana ɗaya, a makon da aka soma rabon takin damina. Don a tilasta amfani da ita, kwamiti ya sa aka dawo da littattafan bashi hedikwata.

Matsalar farko da ta bayyana ta sabis ce, kuma ɓarnarta ta wuce jinkiri. Akawu ya danna maɓallin ajiyewa, saƙon ya isa sabar, an rubuta bashin, amma amsar ba ta dawo ba saboda layi ya yanke. Allo na ta juyawa, layi na ƙara tsawo a ƙofa, sai ya sake dannawa. Sabar ba ta da hanyar gane cewa buƙatar farko ce aka maimaita, domin ita ce ke ba kowane rubutu lamba bayan ya iso. Manomin da ya karɓi buhu biyu sai ya tashi da huɗu a kansa.

Ta biyu sunaye. A ƙauye ɗaya ana iya samun Muhammadu Bello shida. Mutum ɗaya kuma yana iya zama Abubakar a littafin 2020, Garba a na 2021, Buba a bakin mutanen garinsu. Haka Usman da Shehu, Umaru da Sanda. Akawu yana rarrabe su da fuska da laƙabi da sunan unguwa, amma waɗannan ba su shiga Excel ba. Kamfanin ya ɗauki lambar waya a matsayin abin da ke bambanta mutum, alhali gida guda kan yi amfani da waya ɗaya, wasu layukan kuma an daɗe da rufe su an sayar wa wasu. Wurin bincike ma ya ƙara dagula abin: wanda aka rubuta da ƙ ba ya fitowa idan an nema da k, kuma sunayen garuruwa masu farawa da 'yan ko 'yar suna kawo kuskure saboda alamar da ke gabansu.

Ta uku ma'auni. Manhajar buhu ta sani, mai kilo 50, kuma ba ta karɓar rabi. Ƙananan manoma kuwa haɗuwa suke yi su raba buhu, wani ya ɗauki tiya kaza, wani rabin buhu. Akawu sai ya rubuta buhun da sunan mutum ɗaya, ya ajiye rabon a wata 'yar takarda. Daga nan bashin da ke cikin kwamfuta ya rabu da bashin da ke ƙasa.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga wajen naira 190 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Kuɗin man janareta da aka ware wa rassa na wata uku ya ƙare a cikin mako biyar. Ranar 14 ga Yuni aka saki naira a kasuwar canji ta hukuma, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 700 kafin ƙarshen watan. Hayar sabar ba ta canza a dala ba, amma a naira ta ƙaru da fiye da rabi, ribar kamfanin a kwangilar mai tsayayyen farashi kuma ta tafi.

Akwai wata ƙaramar matsala da ba a gani ba sai daga baya. Takardar ƙaramar na'urar bugawa da zafi ake rubutu a kanta, zafi kuma shi ke ɓata ta. Rasit ɗin da ya kwana biyu a aljihun riga ko a ƙarƙashin kwanon ɗaki sai ya dushe ko ya yi baƙi. Lokacin da gardama ta taso kan bashi, shaidar manomi ba ta karantuwa.

Agusta zuwa Oktoba 2023: faci

An sayi ƙananan na'urorin intanet na wani layin daban, aka ɗaga eriya a kan doguwar sanda. Wannan ya taimaka a reshe ɗaya, bai canza komai a sauran ukun ba. An tara akawu a Sakkwato aka sake horas da su kwana biyu, amma sun riga sun iya manhajar. Ita ce ba ta iya aikinsu ba. An yi barazanar yanke albashin wanda bai shigar da bayanai a ranar ba, sai suka koma rubutawa a takarda da rana, su shigar da dare idan sabis ya samu, wani lokaci ɗan'uwa ko yaron sito ne ke shigarwa da kalmar sirrin akawu.

Don a share rubutun da ya maimaitu, kamfanin ya ba akawu maɓallin gogewa. Gogewar ba ta barin sawu: ba a san wanda ya goge ba, ko yaushe, ko me ke wurin a da. An share maimaici, an kuma share basussuka na gaskiya, wasu bisa kuskure, wasu ba a iya tantancewa ba har yau.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya jawo rufe iyaka, kasuwancin Illela ya yi sanyi, kwamiti ya so ɗage wa'adin biya ga membobin wannan reshe. Manhajar ba ta da wurin ɗage wa'adi.

A Satumba babban mai rubuta manhajar ya bar kamfanin, ya kama aiki da wani kamfanin waje mai biya da dala. Shi kaɗai ya san yadda aka haɗa sabar. A Oktoba kuɗin haya bai fita ba, saƙonnin gargaɗi suna zuwa imel ɗinsa, aka dakatar da asusun. Shafin ya yi kwana tara a rufe a farkon karɓar biyan damina. Kwafin ajiyar bayanan ma a kan wannan sabar ɗin yake. Da aka shawo kan tsohon mai rubuta manhajar ya buɗe, aka kwatanta asusu 200 da takardun akawu, kusan ɗaya cikin bakwai bai dace ba. Kwamiti ya mayar wa rassa littattafansu.

Nuwamba da Disamba 2023: tsayawa da bita

Kwamiti ya ɗauko mai ba da shawara mai zaman kansa, wanda ba shi da hannu a kwangilar. Makon farko bai taɓa manhajar ba. Ya sa aka mayar da asusun sabar da adireshin shafin zuwa imel na ƙungiya, kalmar sirri a hannun mutum biyu, aka kwafe rubutun manhajar zuwa asusun ƙungiya a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, aka sauke rumbun bayanai gaba ɗaya aka ajiye a wuri biyu.

Sannan aka zauna rubuta rajistar haɗari, shafi ɗaya. Kowane layi yana da abin da ake tsoro, makin yiwuwarsa daga 1 zuwa 5, makin illarsa daga 1 zuwa 5, jimillar ninka su, alamar da za ta nuna ya kusa, matakin da za a ɗauka, da sunan mutum ɗaya mai alhaki. An hana rubuta "kwamiti" ko "kamfani" a wurin mai alhaki. Layi 17 aka samu. Duk wanda ya kai maki 15 ana duba shi kowace Litinin a zaman minti ashirin, sauran sau ɗaya a wata.

An sa hedikwata ta ba da maki daban, akawu da masu sito su ba da nasu daban. Hedikwata ta ɗora masu kutse daga intanet a sama. Akawu sun ɗora rikicewar sunaye da tsawon layi ranar rabo, suka kuma kawo abin da ba a yi tunani ba: idan manomi ya musanta bashi, da me za a kafa masa hujja a gaban mai gari? Inda maki ya bambanta, an ɗauki mafi girma.

Layin ɗaukewar sabis, alal misali, an rubuta shi da yiwuwa 5 da illa 5, aka auna shi da rufewar 2021, aka yanke cewa dole reshe ya iya aiki kwana 30 ba intanet. Na tashin dala, alamarsa ita ce canji ya haura kashi 15 cikin 100 a kan wanda aka yi kasafi da shi. Mataki shi ne a ware abubuwan dala a layinsu daban, a biya hayar shekara gaba ɗaya idan an samu hali, ma'aji ne mai alhaki. Na tafiyar mai rubuta manhaja, mataki shi ne mutum biyu su san kowane sashe, kuma wani na uku ya gwada haɗa sabar daga takardar bayani kaɗai, ba tare da ya kira kowa ba.

An kuma zana kalandar hani: babu sabon canji a manhaja daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli, da daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. An ci gaba da kamfanin farko, domin sauya shi zai ci wasu watanni, amma da sabuwar yarjejeniya: biya kashi biyar, kowane kashi bayan an ci gwaji a cikin reshe a gaban akawu, buƙatar canji ta bi ta hannun sakatare kaɗai, a rubuce, da farashi da kwanaki kafin a fara, kashi 20 cikin 100 na kasafin a ajiye don abin da ba a zata ba.

Janairu zuwa Afrilu 2024: gyaran sunaye da sake gini

Gyaran bayanai ya ci mako goma, ya fi kowane sashe cin lokacin mutane. An bi ƙauye-ƙauye. Akawu da shugaban rukuni suna zaune, ana kiran suna, mutum ya tabbatar da bashinsa ya sa hannu ko ya dangwala, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunansa da na mahaifi da laƙabi da unguwa, a ba shi kati mai lambar ƙungiya. Inda aka yi gardama, littafin takarda ne hujja. An duba lambar NIN don tantancewa, amma ba a ajiye ta a wayoyin rassa ba, kuma an karanta wa kowa da Hausa abin da za a yi da bayanansa kafin ya amince, bisa dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yuni 2023. Sunaye kusan 2,900 sun koma mutum kusan 2,600.

An sake gina ɓangaren rassa a matsayin manhajar waya ta Android, mai ƙaramin rumbun bayanai a cikin wayar, a kulle da mabuɗi. Kowane rubutu wayar ce ke ba shi doguwar lamba ta musamman tun kafin a tura, don haka ko an tura shi sau goma sabar sau ɗaya za ta karɓa. An cire gogewa da gyara gaba ɗaya. Idan an yi kuskure, sai a rubuta wani layi mai warware na farko, da dalili da sunan wanda ya yi, kuma warwarewar da ta wuce buhu biyu sai ma'aji ya amince. Ana ajiye taki da kilo, allo yana nuna buhu da rabi da tiya gwargwadon ma'aunin da aka auna a sikelin reshen. Farashi yana da ranar farawa, don kada tashin farashin yau ya taɓa bashin bara. Wurin bincike ya daina bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, yana kuma duba laƙabi.

Babbar wahalar manhajar da ke aiki ba intanet ita ce wayoyi biyu su canza abu ɗaya kafin su haɗu. Da doka aka magance wannan, ba da dabarar kwamfuta ba: kowane memba reshe ɗaya gare shi, wayar wannan reshe kaɗai ke rubuta masa bashi. Wanda zai karɓi kaya a wani reshe sai hedikwata ta sauya masa, kuma sai wayoyin biyu sun tura bayanansu cikin kwana bakwai da suka wuce. Idan sabis ya ɗauke da daɗewa, wayar tana fitar da fayil a kulle, a sa a katin ajiya, direba ya kai Sakkwato.

Komawa waya ya sauya lissafin wuta. Batirin waya mai 5,000mAh bai kai awa-wat 20 ba, wato wutar da abu mai cin wat 20 ke sha a awa ɗaya, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa takan ci wat 40 zuwa 60 a duk tsawon aikinta. Farantin sola ɗaya mai wat 200 da batir ɗaya sun isa wayoyi biyu da na'urar bugawa da fitila, janareta ya fita daga lissafi. An rubuta wa mai sito aikin goge farantin duk safiya a lokacin hunturu saboda ƙura, da hana cajin waya a rana tsaka a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Rasit ɗin na'ura an bar shi, amma akawu yana kwafe lambarsa da adadin da biro a katin manomi.

A Fabrairu dala ta kai wajen naira 1,500, ajiyar kashi 20 ta shanye bugun. Ranar 14 ga Maris wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, bankuna da layukan waya suka shiga matsala kwanaki. Reshen wajen Wurno yana gwajin sabuwar manhajar a lokacin, ya ci gaba da karɓar biyan albasa, bayanan suka tafi daga baya.

Mayu zuwa Disamba 2024: shiga reshe-reshe

Sharaɗin wucewa shi ne a tafi da littafi da waya tare, a kwatanta su duk yamma, sai an yi kwana goma na aiki a jere babu saɓani. Reshen farko ya ci mako shida kafin ya cika. Wannan ya kai shi cikin kwanakin hani, don haka sauran rassa uku suka yi damina a takarda. Wasu 'yan kwamiti sun nemi a karya dokar, ba a karya ba. Rassan sun shiga ɗaya bayan ɗaya daga Agusta zuwa Oktoba.

Sababbin matsaloli sun fito. Agogon wata waya ya koma baya bayan batir ya mutu, rubutun kwana biyu ya fito da tsohuwar shekara. Aka gyara ta hanyar ajiye lambar jeri tare da lokaci, manhajar kuma ta ƙi buɗewa idan kwanan watan ya gaza na rubutun ƙarshe. Batirin waya ɗaya ya kumbura. An sace wata da rubutun kwana uku da ba a tura ba, aka dawo da su daga katunan manoma da littafin sito, sannan aka sa wayoyin reshe biyu su riƙa musayar kwafi ta Bluetooth kafin a tashi. Gwajin farko na dawo da bayanai daga kwafin ajiya ya faskara, domin mabuɗin buɗe kwafin yana kwamfutar mutum ɗaya da ya yi tafiya. Yanzu ana gwajin duk wata uku, mabuɗin yana cikin ambulan a akwatin ƙarfe.

A ƙarshen Oktoba yawancin Arewa ta shiga duhu fiye da mako guda bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna. Sabis ya yi rauni sosai. Reshe ɗaya ya yi kwana 11 bai tura komai ba, ya aika katin ajiya sau biyu, ba a rasa rubutu ko ɗaya ba. Hedikwata ce ta fi wahala, domin ita ba a saka mata sola ba.

Sakamako zuwa Maris 2025

Rufe lissafin wata ya sauko daga mako uku zuwa kwana huɗu. A asusu 200 da aka sake kwatantawa, uku ne suka saɓa, kuma an gano dalilin kowanne daga sawun rubutu. An daina samun manomin da ke karɓar kaya a wani reshe alhali ana bin sa a wani. Aikin da aka yi wa wata shida ya ci shekara biyu, kuɗinsa ya ninka na farko kusan sau biyu da rabi. An rage saƙon tes zuwa ɗaya a wata bayan an amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025. Basussukan da aka goge a 2023, an dawo da mafi yawa daga littattafai, an yafe ragowar.

Hukunci

Cire tallafin mai da sakin naira da juyin mulkin Nijar ba wanda zai iya sa musu rana a Oktoba 2022, kuma sun ci kuɗi. Amma ba su ne suka mayar da ƙungiyar ga takarda ba. Abubuwan da suka yi hakan duk sanannu ne kafin a sa hannu: sabis yana ɗaukewa a gabashin jihar, sunaye suna maimaituwa, ana raba buhu, rabon taki yana da lokacinsa. Waɗanda suka san su, wato akawu da masu sito, ba a tambaye su ba. Kuskure mafi tsada guda biyu na kwamiti ne: ƙaddamarwa a rassa huɗu a makon rabo, da janye littattafai kafin a tabbatar da abin da zai maye gurbinsu. Na kamfani mafi muni shi ne maɓallin gogewa, domin ya taɓa amanar da ke tsakanin manomi da ƙungiya, wadda ta fi manhajar daraja. Biyan kashi 60 tun farko ya raba ƙungiyar da abin da za ta riƙe kamfanin da shi.

Rajistar haɗari ta yi aiki ne saboda kowane layi ya koma wani abu da ake gani: sharaɗi a yarjejeniya, doka a kalanda, ko yadda aka gina manhajar. Lambobin 1 zuwa 5 kansu ƙiyasi ne, amfaninsu shi ne sun fito da saɓanin da ke tsakanin ofis da reshe. Ƙin karya dokar hani a Mayu 2024 daidai ne, ko da yake ya jinkirta rassa uku wata uku.

Haɗari biyu suna nan a saman shafin da maki 16. Daidaita tiransifa da sunan wanda ake bi har yanzu da hannu ake yi, ma'aji kaɗai ya iya, kuma an sa a koya wa mataimakinsa kafin karɓar biyan albasa na gaba. Kamfanin kuma mutum uku ne rak. An ware kuɗin ɗaukar matasa biyu masu digirin kwamfuta a nan Sakkwato su koyi rubutun manhajar, amma albashin da kasafin ya iya bayarwa bai kai abin da zai riƙe su fiye da shekara ba, kuma kwamiti bai yanke shawara a kan ƙarin ba tukuna.